Ga Matashin Yasore, Koyon Sana'a Ya Fi Dillancin Fuloti

Tun da rashin tsaro ya raba mutanen ƙauyukan gefen Dajin Rugu da gonakinsu, matashin da ya taso a Yasore ko Wagini ko Runka ya daina ɗaukar noma a matsayin abin da babu makawa zai gada. Idan ya sauka a garin Batsari, ko Dutsin-Ma, ko birnin Katsina, hanyoyi biyu ne suka fi saurin buɗe masa. Ko dai a kai shi wajen birkila, ko mai walda, ko makaniki, ko mai wayarin, ya zama yaron shago na wasu shekaru har a yaye shi ya shiga ƙungiyar masu sana'ar, ko kuma ya bi sahun dillalan filaye da ke zama a bakin titi suna jiran mai neman fuloti. Matasa da yawa na karkata ga ta biyun, kuma iyaye ba sa hana su, domin a can ake ganin sabon babur da shadda mai maiƙo. Ra'ayina shi ne, ga yaron da ba shi da jari kuma ba shi da uban da zai tsaya masa a birni, koyon sana'a ya fi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce.

Dole a fara da amsa cewa dillanci yana da abin jan hankali. Ba ya neman jari sai waya da iya magana. Idan aka sayar da fulotin Naira miliyan uku aka cire la'adar kashi biyar cikin ɗari, an samu Naira 150,000 a yini ɗaya, wato fiye da ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Kasuwar ma akwai ta. Birnin Katsina bai daina faɗaɗa ba tun da ya zama babban birnin jiha a 1987, Dutsin-Ma ta canja kama tun da aka kafa jami'ar tarayya a can a 2011, kuma a lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024, duk mai ɗan kuɗi ya gwammace ya zuba su a ƙasa da ya bar su suna narkewa a banki. Sai dai a duba yadda wannan la'ada take isa hannun sabon shiga. Mai fili ya faɗa wa dillalinsa, shi kuma ya faɗa wa abokinsa, abokin ya tura hoto a WhatsApp, wani ya ce yana da mai so, wani kuma shi ne ya ɗauko mai sayen a bayan babur ya kai shi ya ga wurin. Ranar da aka sallama, mutum biyar ko shida ne za su tsaya a gindin bishiya suna kasafta kuɗin, kuma babban kaso na wanda ya san mai fili ne. Yaron da ya ƙona mai yana zirga-zirga mako uku zai tashi da abin da bai fi cefanen kwana goma ba, sannan ya shiga jiran ciniki na gaba wanda ba wanda ya san ranarsa. Mutane suna ganin ranar rabo, ba sa lissafa watannin da aka yi ba a sayar da ko taku ɗaya ba.

Akwai kuma batun doka, wanda yawancin masu shiga harkar ba su taɓa zama sun fahimce shi ba. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Filayen birni suna ƙarƙashin ikonsa kai tsaye, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama a kansu, kuma wanda ke riƙe da takardar mallaka ta gwamna ba zai mayar da ita ga wani ba sai da amincewar gwamnan. Amma mafi yawan fulotan da ƙananan dillalai ke tallatawa a gefen gari awon igiya ne: gona ce aka yanka, aka kafa duwatsu a kusurwoyi, aka rubuta takardar ciniki da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu. Idan daga baya ta bayyana cewa gonar ta gado ce da ba a raba ba, ko an sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, ko hanya ta bi ta kai, mai saye ba ya neman attajirin da ya yanka gonar, domin sau da yawa bai taɓa ganinsa ba. Wanda ya sani shi ne yaron da ya riƙe masa hannu ya nuna masa wurin, kuma shi za a fara kai wa ofishin 'yan sanda. Masu cin ribar ƙasa na gaskiya su ne masu kuɗin sayen gona sukutum su yanka ta, da ƙwararrun masu kimanta kadara waɗanda doka ta kafa wa hukumar rajista tun 1975 kuma suka yi shekaru a makaranta. Matashin ƙauye da ya shiga tsakani yana jinginar da sunansa ne, alhali shi kaɗai ne kadarar da ya zo da ita birni.

Abin da ya sa maganar ta fi shafar ɗan yankin Batsari da Safana shi ne, babu wanda ya fi shi sanin cewa darajar ƙasa tana rataye ne a kan zaman lafiya. Bayan harin da aka kai ƙauyukan Tsauwa da Dankar a watan Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum talatin, wa zai taya gona a wannan shiyya da farashin kirki? A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, aka kuma taƙaita harkokin kasuwanni. Sana'ar da gaba ɗayanta ke tafiya a kan kiran waya ta tsaya cik a irin wannan lokaci, amma mai gyaran babur da mai walda da mai ɗinki sun ci gaba da buɗe shago, wanda kuma ya gudu ya tafi da hannunsa ya kafa a wani gari. Sannan akwai wani ɓangare da ke sosa rai. Filayen da ke fitowa kasuwa da araha a ƙauyukan nan, da yawansu na mutanen da aka matsa ne, magidancin da zai haɗa kuɗin fansar ɗansa, ko wanda ya yi hijira yake neman kuɗin haya. Dillalin da ya fito daga cikin waɗannan mutane zai wayi gari yana cin la'ada daga rabuwar kawunsa da gonar kakanninsu. Idan ƙura ta lafa jama'a suka koma, za su tarar da ƙasar da ake noma rogon Batsari a kanta ta koma hannun wanda ke zaune a birni. Ban ga yadda matashi mai kishin garinsu zai gina rayuwarsa a kan wannan ba.

A ɗaya gefen, buƙatar masu aikin hannu a fili take. Duk fulotin da dillali ya sayar sau ɗaya ya karɓi la'ada sau ɗaya, birkila zai yi watanni a kansa, kafinta zai ɗora kwano, mai walda zai haɗa ƙofa da taga, mai wayarin zai ja waya, mai famfo zai shimfiɗa bututu, kuma bayan shekara biyu za a sake kiran wasunsu gyara. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ta Katsina da Jibiya zai bi, kuma irin wannan aiki yana neman masu walda da masu ɗaurin rodi da direbobin manyan injuna. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da shaguna da masallatai suka koma ga sola, manoman rani suka fara neman famfon da ke aiki da rana, kuma masu iya haɗa waɗannan da gyara su ba su wadata ba. Abin kunya ne cewa a manyan gine-ginen Abuja da Legas, masu shimfiɗa tayil da masu ƙawata silin da ake yabo sau da yawa daga Togo da Jamhuriyar Benin ake ɗauko su, alhali ga matasanmu a zaune. Za a iya cewa tsadar siminti, wanda buhunsa ya haura Naira dubu goma a farkon 2024, ta tsayar da gine-gine, don haka birkila ma yana shan zaman banza. Haka ne, amma lokacin da mutane suka kasa gini, sayen fili ma yana ja baya, sai dai gyara ba ya tsayawa. Rufin da ke yoyo da injin niƙan da ya tsaya ba sa jiran farashi ya sauko.

Hujja mafi ƙarfi da masu sukar wannan ra'ayi ke da ita ita ce yunwar shekarun koyo da raunin ƙungiyoyinmu, kuma bai kamata a kauda kai daga gare ta ba. A Amurka, wanda ya shiga koyon aikin lantarki ko na famfo ta hannun ƙungiyar ƙwadago yana yin shekara huɗu zuwa biyar ana biyansa, albashinsa na ƙaruwa mataki-mataki, kuma yana da inshorar lafiya da fansho. A nan kuwa ƙungiyar ma'aikatan gine-gine da ke ƙarƙashin uwar ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta fi shafar ma'aikatan manyan kamfanoni. Abin da ɗan Batsari zai tarar shi ne ƙungiyar makanikai ta NATA, da ƙungiyoyin birkiloli da kafintoci da teloli na gari, waɗanda ba su da tsayayyen farashin aiki, ba su da fansho, wasunsu ma ba a jin ɗuriyarsu sai lokacin zaɓe. Yaron shago na iya share shekara uku yana wanke sifana yana sayo wa oga abinci, abin da yake samu bai wuce kuɗin tuwon rana ba. Ga wanda ya baro uwa da ƙanne a gidan haya, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Duk da haka, ko a wannan rauni nata, ƙungiya tana yin abin da babu mai yi wa ƙaramin dillali. Tana ba shi katin shaida, tana shiga tsakani idan mai aiki ya hana shi kuɗin jingarsa, tana haɗa masa gudummawa idan ya faɗo daga kan gini, kuma idan babban aiki ya zo gari ta wajen shugabanninta ake neman hannu. Tsarin ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, inda Sarkin Maƙera da Sarkin Magina suka daɗe suna tsawatar wa 'yan sana'arsu, inda kuma har yau ake ambaton Babban Gwani Muhammadu Durugu saboda masallacin Juma'a da ya gina a Zariya tun ƙarni na 19. Dillanci kuwa ba shi da tabbas ko a can Amurkar: lokacin da kasuwar gidaje ta rushe, 'yan babbar ƙungiyar dillalan gidaje sun ragu daga sama da miliyan 1.3 a 2006 zuwa kusan miliyan ɗaya a 2012, a ƙasar da dillali ke da lasisi da doka mai kare shi.

Wani zai ce ai dillanci halal ne, kuma akwai dattawan dillalai masu amana da suka aurar da 'ya'ya suka sauke farali da shi. Babu musu, kuma wannan rubutu ba cin fuskarsu ba ne. Amma a tambayi kowannensu, za a ji cewa shekaru ashirin ko talatin ya yi yana tara yardar mutane, a garin da aka san ubansa. Wani kuma zai ce me zai hana a haɗa biyun? Babu abin da zai hana, sai dai wanne aka fara. Birkilan da ya ƙware ya fi kowa sanin filin da ruwa ke kwanciya da wanda ƙasarsa za ta riƙe gini, kuma mai neman fuloti zai fi yarda da shi, don haka ƙofar dillanci a buɗe take gare shi duk ranar da ya so. Wanda kuwa ya kai shekara talatin da biyar yana bin la'ada, ga mata ga 'ya'ya, ba zai iya komawa ya tsuguna a gaban oga yana miƙa masa guduma ba.

Saboda haka nauyin ba na matashi ba ne shi kaɗai. Ƙungiyoyin masu sana'a na Batsari da Safana su rubuta yarjejeniyar koyo mai ƙayyadadden lokaci, da abin da za a riƙa ba yaro kowane mako, da ranar yaye shi, a gaban ubansa ko waliyyinsa da wakilin hakimi. Su tabbatar duk wanda suka yaye ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, domin da wannan takarda ce kamfani zai ɗauke shi a matsayin gwani maimakon lebura. Ƙananan hukumomin biyu su sa sharaɗi a kwangilar gyaran azuzuwa da asibitoci da rijiyoyin burtsatse cewa a ɗauki masu aikin hannu na yankin ta hannun ƙungiyoyinsu. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ta SMEDAN kafin ya hau mulki, ya san wannan fanni sarai, don haka muna roƙonsa ya ware gurabe na musamman ga 'ya'yan ƙauyukan da aka tarwatsa a cibiyar koyon sana'o'in matasa da ke Katsina, tare da ciyarwa da wurin kwana da kayan aiki ranar kammalawa. Iyaye kuma na Yasore da maƙwabtanta, idan yaro ya zo da maganar zai bi dillalai, ku kama hannunsa ku kai shi wajen mai sana'ar da kuka yarda da tarbiyyarsa, ku zauna a yi magana a kan shekarun da zai yi da abin da zai fito da shi.