Fuskar malami da tawadarsa

A shekarar 1819, wani shahararren mai zane na ƙasar Amurka, Charles Willson Peale, ya zaunar da wani tsoho a garin Georgetown, kusa da Washinton, ya fitar da kamanninsa da fentin mai. Tsohon nan shi ne Yarrow Mamout, Bafillace Musulmi, wanda ya iya rubutun Larabci. An kai shi Amurka cikin bauta a 1752, bai samu ƴanci ba sai bayan shekara 44. A zamanin nan, manyan limaman coci da shugabannin jami'o'i aka saba zanawa, da littattafai jere a bayansu domin shaidar ilimi. Shi kuwa tsohon, hula ce kawai da murmushi. Zanen yana gidan adana zane-zane na birnin Filadelfiya, amma daga alƙalaminsa ba a san wani littafi ba.

To, mai karatu na Badagishiri ya dubi abin da ke kusa da gida. A Maratta, cikin ƙasar Ƙonni, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Ya rasu a Sakkwato a 1817, shekara biyu kafin zanen Peale, shekara 22 kafin na'urar ɗaukar hoto ta fito duniya a 1839. Babu mai zanen da ya zauna gabansa. Ashe ke nan duk hoton da ke yawo a almanaka da wayoyin salula da sunan Shehu ƙage ne, ko kuwa fuskar wani ce aka ara. Abin da ya bari na haƙiƙa shi ne littattafai fiye da 100, irin su Ihya'us Sunna da Nurul Albab.

Malaman ƙasar nan da tawada suka bar kamanninsu. Sai dai takarda tana da maƙiya: gara, ɗigon damina, da magadan da suka mance gafaka a ƙuryar ɗaki. A Yamai, cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni tana da sashen adana rubuce-rubucen Larabci da Ajami, wanda tushensa tarin marigayi Bubu Hama ne. Duk gidan malamai na Ƙonni, Malbaza ko Illela da ke riƙe da tsofaffin takardu ya kamata ya kakkaɓe su, ya nemi a ɗauki hotonsu tun gara ba ta riga shi ba.