A Yi Hattara Da Maganin Ƙurajen Fuska Mai Ƙarfi

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin jama'a, musamman matasa da masu kemis, game da wani maganin ƙurajen fuska da ake kira isotiretinoyin, wanda aka fi sani da Roaccutane ko Accutane. Tambayar ita ce, shin mai ciwon hanji zai iya shan sa?

A 1982 aka amince da maganin a Amurka, don ƙurajen da suka gagari sauran magunguna. Ɗan'uwan bitamin A ne, aikinsa rage maiƙon da fata ke fitarwa, kuma akan sha shi wata 4 zuwa 6. Daga baya dubban mutane suka maka kamfanin Roche a kotu, suna cewa ya jawo musu gyambon hanji mai sa zawo da jini. A 2009 kamfanin ya janye Accutane daga kasuwar Amurka, amma wasu kamfanonin suka ci gaba da yin maganin. A 2018 kotun ƙoli ta Jihar Niu Jasi ta ce hujjar da masanan masu ƙara suka kawo ba ta da ƙarfi. Yawancin manyan binciken likitoci ma ba su gano cewa maganin ne ke haddasa cutar ba, kuma akwai masu gyambon hanji da ake ba su shi, likitan fata da na ciki suna sa ido.

To jama'a, kada wannan ya sa mu saki jiki. Can sai da takardar likita da awon jini ake samun sa. Nan kuwa fa? Mutum zai ga jini a bayan gida ya ce basir ne ko atuni, ya nemi jiƙo, shekara da shekaru bai san abin da ke cin hanjinsa ba. Irin wannan in ya sayi maganin a kanti, ciwon ya tashi, wa zai gane? Alhali takardar da ke cikin kwalin ta ce wanda ya ga zawo mai tsanani, ko jini, ko murɗawar ciki, ya tsaya nan take ya ga likita.

Babban haɗarin da babu gardama a kansa shi ne na mata. Maganin yana nakasa jariri a ciki ko ya zubar da cikin, don haka ba a ɗaukar ciki ana shan sa, har sai an yi aƙalla wata 1 da gamawa. 'Yan mata masu gyaran jiki gab da biki, ku ji wannan da kyau. Haka kuma ba a haɗa shi da tetarasaikilin, kafson nan da ake sha kamar gyaɗa, domin haɗin kan sa ruwa ya matse ƙwaƙwalwa.

Ina kira ga NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya su sa ido, masu kemis kuma su ji tsoron Allah su daina sayar da shi ba takardar likita. Mai ciwon hanji kuwa ya faɗa wa likita gaskiya kafin a rubuta masa. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.

Naku,
Mai kishin jama'a,
Funtuwa, Jihar Katsina.