Giya Giya Ce, Ko a Ƙwarya Ko a Gilashi



Ranar Juma'ar da ta wuce na shiga gidan giya. Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni kai labarin wurin Baba Fasto. Wata ƴar'uwa cikin ƙungiyar mawaƙa ce ta yi bikin ranar haihuwarta, ta turo gayyata ta WhatsApp, an rubuta "wurin shaƙatawa". Muka hau keke daga Muchia, mu goma sha ɗaya, dukanmu ƴan zumuntar matasa.

Wurin yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Fitilu masu launin zuma, sanyi yana ratsa jiki, kiɗa a hankali, babu warin tsami, babu mai ihu, babu wanda ke kwance a bakin kwata. Aka kawo takardar abin da ake sayarwa. Akwai giyar da suka ce ta musamman ce, wadda ƙananan masu dafawa suke yi kaɗan-kaɗan a Legas, akwai giyar inabi daga Afirka ta Kudu, ga kuma cuku an yanka shi ƙanana a kan faifan katako. Na ce a ba ni lemo. Wani ɗan'uwa da muke jagorantar nazarin Littafi tare ya yi dariya ya ce, "Haba, ai wannan ba irin waccan ba ce."

Wannan maganar ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa nake rubutu.

Ba irin wacce ba? Na san abin da yake nufi. Yana nufin burukutu, da pito, da ƴan ledojin nan da ake sayarwa a bakin tasha, waɗanda hukumar NAFDAC ta tashi hanawa a Fabrairun 2024. Yana nufin giyar talaka. To bari mu duba. Yaya ake burukutu? A jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta tashi. Yaya ake wannan giyar ta musamman? A jiƙa hatsi ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dafa, a bar shi ya tashi. Mai dafawa kaɗan-kaɗan da hannunsa, ai iyayenmu mata a ƙauye sun riga shi da daɗewa. Ko giyar kwalba ma, tun da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanoni suka koma kan dawa, irin wadda ake nomawa a gonakinmu, wadda ake binciken irinta a nan Samaru. Ita kuwa giyar inabi, duba jikin kwalbar: yawanci kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari ne abin da ke bugarwa, giyar kwalba kuma wajen kashi 5. Wato wadda muke ɗagawa da yatsa biyu cikin yanga ta ninka waccan ƙarfi.

A ikilisiyarmu ta gida, can ƙauye, na san wata uwa, gwauruwa, da aka sa ƙarƙashin horo saboda tana dafa burukutu. Da shi take biyan kuɗin makarantar ƴaƴanta huɗu. Aka hana ta cin jibin Ubangiji, aka karɓe zanen zumuntar mata, ta koma bencin baya. Ta amince da horon, ta fasa tukwanenta, ta koma soya ƙosai, ribar ba ta kai rabin ta da ba. Ina tunawa da ita a daren Juma'ar nan, ina kallon ƴaƴan dattawan ikilisiya suna ɗaukar hoton gilashi suna sawa a Instagram. Ranar Lahadi kuma su ne a gaba riƙe da makirfo. Babu wanda zai kira su gaban dattawa, don nasu zunubin yana da ƙamshi, da Turanci kuma ake kiran sunansa. In dokar tana nan, ta hau kan kowa. In kuwa mun soke ta, sai mu je mu nemi gafarar matar nan.

Na san amsar da za a ba ni, an ma ba ni ita a teburin: bikin Kana, Yahaya sura 2, da shawarar Bulus ga Timoti saboda ciwon cikinsa. Ba zan murɗe Nassi don in ci gardama ba. Gaskiya ne Ubangiji ya mai da ruwa ruwan inabi, kuma babu ayar da ta ce ɗigon inabi a baki shi ne hallaka. Abin da Afisawa 5:18 ta hana shi ne buguwa. Na yarda. Amma abin mamaki, wanda bai iya kawo aya biyu a kan addu'a ko bayarwa ba, in an zo kan giya sai ya zama malamin tauhidi. Kuma duk wanda ya haddace Yahaya 2, ban ji ya kai Romawa 14 ba, ko 1 Korintiyawa 8, inda Bulus ya nuna a shirye yake ya bar ko da nama ne in cinsa zai sa ɗan'uwa tuntuɓe. Ƴancin da Bulus ya koyar yana waiwayen wanda ke zaune kusa da shi.

Kun san wanda ke zaune kusa da mu a daren nan? Ɗan'uwan da muka yi wata da watanni muna azumi da addu'a dominsa, wanda giyar leda ta kusa raba shi da karatunsa a jami'a. Ya tsaya gabanmu ya ba da shaida, muka tafa, wasu har da hawaye. Ya fi shekara bai taɓa ba. Shi aka miƙa wa gilashi aka ce, "Ɗanɗana kawai, wannan ba ta bugarwa." Ya dube ni, ya dubi mai miƙawa, ya karɓa. Ni kuma na yi shiru don kada a ce na ɓata wa mutane biki. Wannan laifina ne, na kuma kai shi gaban Allah.

Ga kuma maganar maƙwabta. Mu da muke zaune a Muchia da Sabon Gari mun san sunan da aka daɗe ana ba mu. Tun zamanin Turawa, da aka hana sayar wa mutanen Arewa barasa, a unguwannin baƙi irin namu ne mashaya suka sami gindin zama, har ya zama a kunnen mutane da yawa Kirista da mashayi kusan abu ɗaya ne. Kakanninmu cikin bangaskiya, na Wusasa da na sauran wurare, sun sha wuya kafin su nuna cewa ba haka ba ne. Mai keken da ya maido mu Musulmi ne, saurayi kamar mu. A hanya wasu suka ɓarke da waƙar yabo, murya tana karkacewa. Ya waiwayo ya ce, "Ashe ƴan coci ne." Bai ƙara komai ba. Da wane baki zan yi masa bishara gobe?

Kuɗin kuwa ba sai na daɗe a kansa ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, abin da teburinmu ya biya ya haura haka. Makon da ya gabace shi mun kasa haɗa kuɗin motar zuwa ziyarar asibiti. Ku karanta Amos sura 6 a gida, ku ga ko ba za ku gane teburin ba.

Ina roƙon shugabannin zumunta su sa wannan magana a taronmu mai zuwa, a yi ta a fili, da waɗanda suka sha da mu da muka yi shiru. Wanda yake ganin na yi kuskure ya zo da Littafinsa, zan zo da nawa.

Ɗan'uwan nan bai zo sujada ranar Lahadi ba. Na je ɗakinsa a Samaru da yamma, na tarar da ƙofa a kulle, wayarsa kuma tana ta ƙara ba a ɗauka. Gobe zan koma, wanda yake so ya raka ni mu haɗu a bakin coci ƙarfe huɗu.