Mai Ya Samu Hanya, Mutane Sun Rasa Gada

Idan manyan duniya suka taru suna maganar rashin tabbas a siyasa da tattalin arziki, mu a Malanville ba sai an yi mana fassara ba. Mutum ya taka zuwa bakin gadar Kogin Kwara ya hango Gaya, ya gama karatu.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da Mohamed Bazoum, da takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar bayan kwana huɗu, gadar nan ba ta dawo daidai ba. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma Yamai ta bar kwantenoninta gicciye a kan hanya, tana zargin cewa akwai sansanonin sojan Faransa a ƙasarmu. Kwatano ta musanta.

Ba mu ce aikin shugabanni mai sauƙi ba ne. Yaƙin Rasha da Yukren ya tsadar da taki da alkama. Nijeriya ta cire tallafin fetur a Mayun 2023, kwalbar man bakin titi ta yi tashin gwauron zabi har nan. 'Yan bindiga kuma suna kashe sojojinmu a dajin W. Ga Nijar da Mali da Burkina sun fice daga CEDEAO a Janairun 2025. Duk wanda ke kan kujera yau, kansa na ɗaukar zafi, mun yarda.

Amma ga abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Bututun da kamfanin Sin, CNPC, ya shimfiɗa daga Agadem zuwa Sèmè, kusan kilomita 2,000, shi ma ya faɗa cikin rigimar. A Mayun 2024 Shugaba Patrice Talon ya hana loda ɗanyen man a jirgi. Kwana nawa aka yi? Da mutanen Sin suka sa baki, nan da nan aka sassauta. An sake saɓawa a Yuni, tsofaffin shugabanni Nicéphore Soglo da Boni Yayi suka je Yamai biko, daga baya mai ya ci gaba da tafiya. To ashe ana iya daidaitawa idan ana so.

Mai albasa fa, wa zai sa masa baki? Direban da ya saba ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Kwatano, yanzu an karkata kayan ta Lome da Burkina, hanya mai nisa da haɗari. Ɗan dako, mai tuwo a tasha, mai faci, duk sun ji a jikinsu. Wadda za ta je gaisuwar mutuwar ƙaninta a Gaya sai ta shiga kwale-kwale da goyo a baya, ta biya nan, ta biya can. Ranar da ruwa ya cika kuwa, sai addu'a. Mu da Gaya auratayya ce da salla ɗaya, tun kafin a san wata iyaka.

Idan tsaro ne damuwar Yamai, kwale-kwalen da ba mai duba kayansa bai fi gada tsaro ba. A zauna a kafa binciken haɗin gwiwa a bakin gadar, jami'an ɓangarorin biyu su tsaya tare. A fara da masu tafiya a ƙafa da kayan abinci da marasa lafiya, manyan motoci su biyo baya.