Sanarwar Bayan Taron Magina, Kafintoci da Masu Walda na Tebaram kan Tagogin Tsofaffin Gine-gine

Ƙungiyarmu ta magina, kafintoci da masu walda ta zauna a Tebaram, cikin jihar Tawa, bayan ɗaukewar damina, domin duba ɓarnar da ruwa ya yi wa tsofaffin masallatai, zaurukan hakimai da sorayen gado a arewacin Adar. Dattawan sana'a da limamai sun halarta. Abin da ya fi cin lokacin taron shi ne taga.

Rahoton magina ya nuna cewa bangayen da suka tsage a bana, galibinsu daga bakin taga tsagar ta faro, kuma tagar da aka sauya ce ba da daɗewa ba. Mai gida zai ce iska ba ta shiga, a kira mai walda, a fasa ƙaramar tagar da kakanni suka bari, a faɗaɗa, a cusa ta ƙarfe a liƙe da siminti. Siminti kuwa ba ya kama jar ƙasa. Ƙarfe ya sha rana ya buɗe, dare ya yi ya tsuke, sai ƴar kafa ta fito tsakaninsa da bango. Hadarinmu daga gabas yake tasowa. Ruwa ya bi kafar nan ya shige, simintin ya hana shi bushewa, tubali ya jiƙe ta ciki alhali waje lafiya lau. In an cire azarar da ke ɗauke da nauyin saman taga, to sai jiran rana kawai. Magabata sun ƙanƙanta taga, suka ɗaga ta sama, saboda zafin bazara da ƙurar hunturu, kuma don kada bango ya rasa ƙarfinsa.

Masu walda ba su yi shiru ba, kuma taron ya ga gaskiyarsu. Jama'a na gudun ɓarayi, gara na cin katako, azara ta yi tsada, tunda giginyar sai an ɗauko ta daga wajajen Gaya, ba a kuma sare ta sai da izinin jami'an gandun daji. An daɗe ana ja-in-ja a nan kafin a daidaita.

An tunatar da mahalarta cewa abin koyi yana cikin jiharmu. Masallacin Juma'a na Yama, wanda Alhaji Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa a 1962, ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, a 2018, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallacin garin ya zama ɗakin karatu maimakon a rushe shi, da hannun maginan gargajiya. An kuma ambaci tsohon masallacin Damagaram da ruwan sama ya kayar a Satumban 2024, don kowa ya san ginin ƙasa ba ya jiran sakaci.

Saboda haka taron ya yanke cewa daga yau ɗan ƙungiya ba zai faɗaɗa tagar tsohon gini ba, ko nawa aka ba shi, sai sarkin magina ya je ya gani da idonsa. Katakon da ke da sauran rai a kankare shi, a shafa masa mai, a mayar; wanda gara ta cinye kaɗai za a sauya, da irinsa kuma bisa awonsa. Inda tsaro ya tilasta sa ƙarfe, a kafa sandunan cikin katako, katakon ya zauna cikin bango, a yaɓe gefensa da ƙasa. Siminti kada ya taɓa bakin taga. Indararon da ke zuba kusa da taga a janye shi kafin ruwan farko.

Taron na roƙon hukumomin garin Tebaram da masu girma hakimai su taimaka a rubuta sunayen tsofaffin gine-ginen kowane gari, a ɗauki hoton tagoginsu da ƙofofinsu yadda suke yanzu. Muna kuma kira ga ƴan'uwanmu da ke ci-rani a Abijan da Libiya: in kun aiko kuɗin gyaran masallaci ko zauren gida, ku ce a tuntuɓi magina tukuna kafin a sayi taga.

An naɗa kwamitin da zai kai ziyara Yama da Dandaji tare da samari masu koyon gini. Zai kawo rahotonsa a zama na gaba, kafin faɗuwar damina, in Allah ya kai mu.

Sa hannu:
Shugaban ƙungiya
Magatakarda