RA'AYI: Yaran Zango da Ƙwallon Ƙafa

Sau biyar Nijeriya tana ɗaukar kofin duniya na ƙwallon ƙafa na yara matasa. Ta fara ne a shekarar 1985 a ƙasar Sin, inda ta ci Jamus ta Yamma 2 da nema, ta sake a 1993, da 2007, da 2013, da kuma 2015. Wannan abin alfahari ne ga kowane ɗan ƙasa. Amma ya kamata shugabannin 'yan Arewa mazauna Kudu su tambayi kansu, yara nawa ne daga Sabon Badun, ko Agege, ko Idi-Araba, suka taɓa shiga sahun waɗannan zakaru?

Kowane sashe na ƙasar nan da yadda ya saba renon 'yan wasansa. A Kudu, makaranta ce tushe. A Ikko, gasar Kofin Shugabannin Makarantu ita ce ta daɗe tana fito da gwanaye, har makarantar St. Finbarr's ta Akoka, wadda Fada Slattery ya kafa, ta yaye Stephen Keshi da Henry Nwosu da Samson Siasia. Daga baya makarantun koyon ƙwallo suka shigo, kamar wadda Kashimawo Laloko ya kafa a 1992, aka san ta da sunan Pepsi. A nan yaro yakan taso da tsari, da lokacin atisaye, da malamin da zai hana shi wasa in ya yi fashin aji.

A Arewa kuwa, unguwa ce tushe. Yaro yakan fara a filin ƙasa da ƙafa ba takalmi, wani mai hali ya ɗauki nauyin kulob, ya sayi riguna, ya biya kuɗin mota. Irin wannan fili mai tauri yakan koya wa yaro riƙon ƙwallo da saurin ƙafa. Kaduna kaɗai ta ba ƙasar nan Rashidi Yekini, sannan a cikin waɗanda suka ciwo zinare a Atlanta a 1996 akwai Daniel Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro, dukansu 'yan Kaduna. Jos ta fito da Mikel Obi da Ahmed Musa, Kano kuma tana karɓar gasar Kofin Ramat.

To, ɗan zango ya faɗa tsakiya. Bai samu attajirin unguwa mai riƙe kulob kamar ɗan uwansa na gida ba, sau da yawa kuma ba ya makarantar da za ta sa shi a gasa kamar ɗan maƙwabcinsa Bayarabe ko Ibo. Da ya ɗan tasa sai kasuwar shanu, ko ta gwari, ko tashar mota ta ɗauke shi. Talauci ba hujja ba ne, domin Victor Osimhen ruwa ya sayar a titunan Ikko kafin ya ci ƙwallo 10 a gasar 2015, ya kuma zama gwarzon Afirka a 2023. Abin da ya samu shi ne wanda ya lura da shi, ya kai shi wurin gwaji.

Masu koyarwa ma ba ɗaya suke ba. Akwai mai neman kofi yau yau, wanda yake tara ƙarti masu rage shekaru, ya cika su da gudu da tsawa, ya bar ɗan shekara goma sha uku a kan benci. Irin wannan ha'inci ne ya sa hukumar FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu a 2009. Akwai kuma mai haƙuri, wanda yake koya wa yaro tare ƙwallo, da miƙa ta, da sanin wurin tsayuwa. Manu Garba na Gombe ya nuna amfanin wannan hanya a 2013, lokacin da yaransa, da kyaftin Musa Muhammed ɗan Kano, suka zuba ƙwallo 26 a wasa 7. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da garaje karya shi yake yi.

Saboda haka wajibi ne sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na garuruwan Kudu su haɗa alherin sassan biyu. Su kafa kulob na yara a kowane zango, su yi masa rajista da hukumar ƙwallo ta jihar da suke zaune, su ɗauki mai koyarwa mai takardar shaida ko daga wace kabila yake. A sa sharaɗi cewa yaron da ba ya zuwa boko da Islamiyya ba zai sa rigar kulob ba, gama kaɗan ne ke cin abinci da ƙwallo, saura ilminsu ne zai riƙe su. Iyaye kuma su rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu ta gaskiya, kada su ba kowane dillali kuɗi don alkawarin kai yaro Turai.

Kuɗin da ake kashewa a biki guda ya isa ya riƙe kulob na yara tsawon shekara. Allah ya sa shugabanni su ji, su kuma aikata.