RA'AYI: Wata bakwai ina bin 'yan ƙwallon kwandon wata kwaleji a Kano, wasa biyar kacal suka buga

Da an idar da sallar La'asar za ka ga Koci ya iso filin a kan tsohon babur ɗinsa, da buhun ƙwallaye ɗaure a baya. Kafin ya hura usur sai an yi shara. Ƙurar hunturu kan kwanta a kan simintin ta mai da shi santsi, wanda ya yi gudu a kai kuwa yana iya tashi da targaɗe. 'Yan wasan da kansu ke ɗaukar tsintsiya, samari dogaye sun duƙa suna shara kamar masu jiran baƙi.

Daga Nuwamba zuwa Mayu na yi ta zuwa wannan fili ina kallon ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta wata babbar makaranta a cikin Kano. Ba zan ambaci sunan makarantar ko na mai horarwar ba, domin abin da na gani ba nasu ba ne su kaɗai.

A wata bakwai ɗin nan sun yi atisaye kusan kullum, ban da Juma'a. Wasan da suka buga da wata ƙungiya, da alƙali da mai rubuta maki, guda biyar ne. Dukkansu na sada zumunta ne, kuma Koci ne ya nemo su ta waya.

Ra'ayina shi ne: yaran nan ba baiwa suka rasa ba, gasa suka rasa. Kuma waɗanda suka fi kowa damar samar musu da ita suna nan kusa da su, a Sharaɗa da Challawa da Bompai.

Yadda kakar ta tafi

A farkon zango ɗalibai sun cika filin. Koci ya tace ya fitar da 12, adadin da doka ta yarda ƙungiya ta rubuta a wasa. Makonnin farko bai bar kowa ya yi jifan nesa ba. Tsaro ya koya musu: yadda za ka lanƙwasa gwiwa, ka buɗe hannu, ka bi abokin karawa da ƙafa ba da hannu ba. Yaran sun yi ta ƙunƙuni, domin kowa so yake ya yi irin jifan da yake gani a waya.

A wasansu na farko an lallasa su. Zango biyu na farko sun riƙe wuta, a na uku numfashi ya ƙare. Washegari Koci bai yi faɗa ba, gudu ya ƙara musu. A wasa na uku suka yi nasara da maki biyu, bayan da ƙaramin cikinsu, wanda abokansa ke tsokana da Ɗan'auta, ya ƙwace ƙwallo ana saura daƙiƙu. Ranar sun yi murna kamar sun ɗauki kofi, alhali 'yan kallon ba su cika benci biyu ba.

Daga nan ƙungiyar ta fara zubewa. Wanda ya fi kowa tsawo ya tafi aikin koyon sana'a na ɗalibai, wanda suke kira IT, a wani kamfanin robobi da ke Sharaɗa. Makon da yake aikin safe yakan zo fili a gajiye, makon da yake na yamma ba a ganinsa. Wani ya gurɗe a idon sawu, aka kai shi wajen mai ɗori, bai sake dawowa ba. Wani ya karɓi adaidaita sahun yayansa yana ja da yamma don ya haɗa kuɗin rajista.

Da azumi ya kama aka mai da atisaye bayan Asuba, saboda filin ba shi da fitilar da za a yi da daddare. Bayan Sallah jarrabawa ta zo. Ranar atisayen ƙarshe mutum bakwai na ƙirga.

Ban taɓa jin Koci ya yi ƙorafin kuɗi ba, duk da na sha ganin ya zaro na aljihunsa ya biya kuɗin mota da ruwan leda. Abin da ya sha faɗa mini shi ne yaro ba zai yi ta gudu wata da watanni ba alhali bai san ranar da zai buga wasa ba.

Ba yau Arewa ta san kwando ba

Masu cewa ƙwallon kwando ba wasanmu ba ne su tuna Kano Pillars. Ƙungiyar kwandon ta lashe gasar ƙasa a 2013 da 2014, ta sake a 2016 da 2017. A 2016, ƙarƙashin koci Sani Ahmed, ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a Alƙahira. Wanda ya taɓa shiga rufaffen ɗakin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a waɗancan shekaru ya san Kanawa na son wasan.

Su tuna Zariya kuma. A can Masai Ujiri ya tashi, a can ya fara wasa, kuma ya sha ambaton koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya shafe shekaru yana horar da yara a Jami'ar Ahmadu Bello. Ujiri ne shugaban Toronto Raptors lokacin da ta lashe gasar NBA a 2019. Koci ɗaya da fili ɗaya a harabar makaranta ne tushen wannan labari.

Shi kansa wasan a makaranta aka haife shi. James Naismith, malamin motsa jiki, shi ya ƙirƙire shi a 1891 a garin Springfield na Amurka don ɗalibansa su sami abin yi lokacin sanyi. Har yau ƙungiyar kwaleji a Amurka tana buga wasa kusan 30 daga Nuwamba zuwa Maris, kafin gasar ƙarshe ta ƙasa. A irin wannan tsari Hakeem Olajuwon ya goge a Jami'ar Houston kafin ya zama gwarzon duniya.

Mu kuwa ɗalibinmu jiran NUGA yake idan ɗan jami'a ne, NIPOGA idan ɗan kwalejin fasaha ne, NICEGA idan ɗan kwalejin ilimi ne. Duk bukukuwa ne na 'yan kwanaki, kuma ba kullum ake yin su a kan lokaci ba. Tsakanin NUGA ta Makurɗi a 2017 da ta Legas a 2022 shekara biyar ce. Ɗalibi zai iya shiga jami'a ya fita bai ga ko ɗaya ba. Ga yajin aiki: na ASUU a 2022 wata takwas ya ɗauka.

Daga sama ma ba a tsira ba. A watan Yunin 2017 hukumar kwando ta ƙasa, NBBF, ta dare gida biyu, aka yi zaɓe ɗaya a Kano wani a Abuja, gasar cikin gida ta yi shekaru tana tangal-tangal. Wanda ke jiran Abuja ta kawo wa ɗaliban Kano gasa zai daɗe yana jira.

Me ya haɗa masana'anta da kwando?

Da farko, yaran nan nasu ne. Ɗaliban da ke gudu a filin nan su ne ke cika ƙofofin kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai duk shekara da takardar neman gurbin IT, wata huɗu a tsakiyar karatun ND, shekara guda kafin HND. Gobe su ne masu kula da injina da masu lissafin sito. Iyayen wasunsu a waɗannan kamfanoni suke aiki.

Na biyu, ba sabon abu ba ne. Raccah Rovers ta Kano da ta lashe gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 1978 sunan gidan kasuwanci take ɗauke da shi. Kamfanin siminti na Binuwai ne ya riƙe BCC Lions ta Gboko har ta ɗauko kofin Afirka a 1990. Masaƙar UNTL ta Kaduna ta yi ƙungiyarta. A kwando, First Bank ya daɗe yana riƙe da ƙungiyar mata da ta ci kofin Afirka. A Angola, kamfanin mai na Sonangol ne ke bayan Petro de Luanda, wadda ta lashe gasar BAL a 2024.

Na uku, kwando wasan birni ne mai cunkoso. Filinsa mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance, wato murabba'in mita 420. Filin ƙwallon ƙafa ɗaya zai ɗauki irinsa 17. A garin da kowane fegi ake yanka shi a gina shaguna, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wanda ya zaga Bompai ko Sharaɗa ya ga manyan sito-sito a rufe, masu dogon rufi da daɓen siminti, tun zamanin da masaƙu suka durƙushe. Guda ɗaya aka share, aka shafa fenti, aka kafa allo da zobe, aka sa fitilun sola, an sami ɗakin wasan da ƙura da rana da duhu ba za su hana atisaye ba.

Na san uzurinsu

Mai masana'anta zai ce da kansa yake. Gaskiya ne. An cire tallafin mai a Mayun 2023. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarkin rukunin Band A zuwa naira 225, sama da ninki uku na abin da ake biya a da. Ga dizil, ga tsadar dala wajen shigo da kayan aiki, ga kayan waje da suka cika Kantin Kwari da Singa. Zai kuma ce ai ya sha biyan harajin ilimi, wanda asusun TETFund ya riƙa raba wa manyan makarantu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ban raina wannan uzuri ba. Amma a duba girman abin da ake nema. Ba ƙungiyar ƙwararru mai albashi ake cewa a kafa ba. Riguna ne na mutum 12, da takalma, da ƙwallaye, da kuɗin mota a cikin gari, da alawus ɗin alƙalai, da akwatin magani. Kamfanin da ke buga kalanda da allunan talla duk shekara ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. Kuma talla ce: sunan taliyarka ko katifarka ko lemonka a ƙirjin samari, a gaban dubban ɗalibai masu waya a hannu.

Wani zai ce asibiti da rijiyar burtsatse sun fi wasa muhimmanci, musamman a unguwannin da ke fama da ruwan dattin majemu a yankin Challawa. Haka ne, kuma riga 12 ba za ta wanke wa kowane kamfani wannan haƙƙi ba. Ban kuma ce kwando zai kawar da shaye-shaye ko ƙwacen waya ba. Abin da na gani da idona shi ne saurayin da ya san Asabar yana da wasa, ranar Juma'a da wuri yake kwanciya.

Abin da nake roƙo

Kano na da makarantun da suka isa gasa: Jami'ar Bayero, Kano Poly, Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, makarantar ilimi ta tarayya da ke Kabuga, Legal, jami'ar Wudil, ga masu zaman kansu. A ɗauki takwas, kowacce ta kara da kowacce gida da waje. Wasa 14 ke nan ga kowace ƙungiya, 56 gaba ɗaya. Wasa ɗaya a mako, mako 14, zango guda ya isa.

Kamfani takwas, kowanne ya ɗauki makaranta ɗaya. Rassan ƙungiyar masu masana'antu ta MAN da ke Kano, tare da KACCIMA, za su iya haɗa su a zama ɗaya. Ƙungiyar kwando ta jiha ta kawo alƙalai da jadawali. Kada a ba kowa tsabar kuɗi: a sayi kaya, a biya mota da alƙali kai tsaye, a manna lissafi kowa ya gani. Mun san yadda kuɗin wasanni ke ɓacewa tsakanin ofis da fili.

Kamfanin da ɗan wasa ke IT a cikinsa ya daidaita masa lokacin aiki a ranar wasa. Wannan ko sisi ba zai ci ba. Idan ta maza ta kafu, a buɗe ta mata, domin ƙasar da 'yan matanta suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta 2024 ba ta da hujjar barin su a baya.

Makarantu ma da nasu nauyin. Da yawansu suna karɓar kuɗin wasanni a cikin kuɗin rajista, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Su gyara fili, su ware yammacin rana ɗaya babu lacca, su shimfiɗa sharaɗin cewa wanda ya faɗi jarrabawa ba zai sa riga ba. Su kuma ɗauki koci a matsayin malami, ba mai taimako ba.

Kwanan baya na haɗu da dogon nan a bakin titin Sharaɗa, an tashi daga aiki, yana jiran adaidaita. Na tambaye shi ko zai koma fili idan an dawo hutu. Ya ce in Allah Ya yarda, sannan ya tambaye ni ko na ji labarin wata gasa da za a yi bana. Na ce masa ban ji ba.

Kamfanin da yake wa aiki yana bayanmu, injinansa na ta ruri. Ina fata mai shi zai karanta wannan.